Idon Ɗiyata na Hagu

Shekarata ta biyu da fara koyarwa aka tura ni wani ƙauye na bakin tafkin Kainji, can gefen Wara. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Na tafi da matata da ɗiyarmu mai shekara uku. Bayan wata biyu Inna, mahaifiyata, ta biyo mu daga Yelwa, ta ce zaman kaɗaici ya ishe ta.

Daminar shekarar ba ta yi kyau ba. Tuwon dawa muke ci da miyar kuka, da safe a ɗumama. Manja ya yi tsada, muka haƙura da shi. Kifi kuwa ga shi nan a bakin ruwa, amma manyan na 'yan kasuwa ne, a banda su, a cika kwanduna, mota ta kwashe. Mu sai ƙananan busassu, su ma ba kullum ba.

Abin da na fara lura da shi, yarinyar ta bar yawo da magariba. Da rana tana tsalle-tsallenta, rana na faɗuwa sai ta nemi gindin bango ta zauna. In an ajiye mata kwano sai ta riƙa lalube. Wata rana ta yi karo da turmi a tsakar gida, goshinta ya kumbura.

"Dundumi ne," in ji Inna. "Yara na yi, ya wuce."

Na yarda. A makaranta kuwa ni ke koya wa 'yan aji shida kiwon lafiya. Na rubuta musu sunayen bitamin a allo, sun kwafa, na ba su maki. Ban taɓa haɗa abin da ke allo da abin da ke gidana ba.

Da bazara baƙon dauro ya shigo ƙauyen, ya kama yarinyar. Inna ta sa ta ɗaki ta saki labule, ta ce kada a ba ta mai, kada ƙwai, kada nama, sai kunu. Haka aka yi mana muna yara, haka muka yi mata. Zawo ya biyo baya. Bayan mako guda ƙurajen suka bushe, zazzaɓin ya sauka, amma ta ƙi buɗe ido.

Ranar wata Laraba na dawo daga makaranta, matata ta tare ni a ƙofa.

"Malam, zo ka ga idon yarinyar nan."

Ta ɗaga mata fatar ido da ɗan yatsa. Idon ya bushe, ba ƙyalli. Tana kuka, ba hawaye. Baƙin na hagu ya yi hazo-hazo, kamar an ɗiga ruwan kamu.

"Mu tai asibiti gobe," in ji ta.

Ana jarrabawa a makon, mu uku ne kawai malaman. Na ce a bari sai Asabar.

Asabar muka shiga motar kifi zuwa Yelwa. Wani dattijon malamin asibiti ya karɓe mu. Ya haska idon dama, ya haska na hagu, ya daɗe a kan na hagu. Ya ɗauko wata 'yar ƙwayar magani mai taushi, ya yanke bakinta da almakashi, ya matse man cikin a kan harshenta. Ya sa mata magani a idanun, ya rufe na hagu da auduga.

"Mi take ci?" ya tambaye ni.

Na gaya masa. Ya tambayi aikina, na gaya masa shi ma. Ya dube ni, ya ce to ai zan gane. Bitamin A ne ya ƙare mata. Ya ce hanta ita ce rumbunsa a jiki. Shi ke sa ido ya gani in haske ya ragu, shi ne kuma ke riƙe danshin saman ido. Dundumin nan alama ce rumbun ya kusa ƙarewa, sai baƙon dauro da zawo suka kwashe ɗan abin da ya rage. In babu shi ido kan bushe, ya yi gyambo, ya narke, cikin 'yan kwanaki.

"Na dama zai tsira in Allah ya so. Na hagu mun makara. Yaushe kuka ga farin?"

"Laraba."

Ya lissafo abin da za a riƙa ba ta: hanta, ko ta kifi ce, ƙwai, kabewa, zogale, mangwaro, cokalin manja a miya, don bitamin ɗin ba ya shiga jiki sosai sai da mai. Na ciro biro na rubuta a bayan katin asibitin. Na tuna ina kallon wani ƙadangare a bakin taga. Da muka fito na sayi rogo da ƙuli na ci, na ƙoshi.

Kwana huɗu muka yi a Yelwa muna komawa wurinsa. A motar dawowa matata ta yi ta kuka cikin mayafi. Ni ina kallon ruwa ta tsakanin itatuwa, ina jiran wani abu ya taso mini, bai taso ba. Washegari na shiga aji na raba takardun sakamako.

Na karanta wa Inna abin da ke bayan katin. Ta saurara, ta tashi ta ɗauki kwano ta fita. Bakin ruwa ta je, inda mata ke gyaran kifi, ta tsugunna tana tsince hantar daga cikin kayan cikin da ake zubarwa. Kullum sai ta je, har muka bar ƙauyen. Ba ta ce laifinta ne ba, ban ce nawa ne ba, matata ba ta ce na kowa ne ba.

Idon dama ya warke sarai, dundumin ya tafi tun makon farko. Na hagu ya zama hakiya. Yarinyar ta girma da shi, ta yi makaranta, ta koyi ɗinki. In mutum ya zo mata ta hagu sai ta juyo da kai gaba ɗaya.

Sau ɗaya ta taɓa tambayata, tana 'yar shekara sha uku, tana wanke kwanoni.

"Baba, haka aka haife ni?"

"A'a. Baƙon dauro ne."

Ta ce to, ta ci gaba da wankinta. Na sa takalmina na fita masallaci.