Motar da Ba a Ba da Aronta

Shekara biyu na yi a Greensboro ba ni da mota, kuma ban taɓa rasa zuwa inda zan je ba. Ɗakina yana sama, a wani rukunin gidajen haya da ke bayan titin Wendover. A ƙasana akwai wani dattijo da matarsa, mutanen Maraɗi. Ni ƴar Kano ce, karatu ya kawo ni, ba mu haɗa dangi ba, amma tun makon da na tare nake ce musu Baba da Mama, sauran mutane kuma Alhaji da Hajiya. Baba yana aiki a wani babban sito na kaya, yana da tsohuwar mota mai kujeru layi uku. Ita take kai ni masallaci, ita ta kai ni asibiti ranar da haƙori ya hana ni sukuni, a cikinta kuma na koyi tuƙi, a filin wani kanti da aka rufe. Duk wanda yake da buƙata a cikin mutanenmu sai ya yi sallama, ya gaisa da Mama, ya karɓi makulli. Ban taɓa jin an tambaye shi ina za shi ba.

A shekara ta uku makaranta ta tura ni koyon aikin koyarwa a wata firamare a Summerfield. Bas ba ta zuwa can, Baba kuma da sassafe yake fita nasa aikin. Dole na nemi mota.

Wata ƴar ajinmu ce ta nuna mini hayar wata-wata. Kamfani zai ba ki sabuwar mota, ki riƙa biya duk ƙarshen wata, inshora da juyen baƙin mai da taya duk suna ciki. Ranar da kika gaji ki mayar musu. Ga wadda ba ta san komai a kan inji ba, kuma ba ta san inda za ta kasance baɗi ba, abin ya yi mini daidai. Sharuɗɗa biyu na gani. An ƙayyade mil ɗin da zan yi a wata, in na wuce akwai ƙarin biya. Sannan ni kaɗai aka yarda in tuƙa. Na auna hanyar Summerfield zuwa da dawowa, na ƙara cefane da masallaci, na ga har da rara. Lissafin mutum ɗaya na yi.

Na so motar nan. Fara ce, ba ta da ƙara, in na rufe ƙofa sai duniya ta yi nisa. Lokacin kaka ne, itatuwan hanya sun koma ja da ruwan ɗorawa. Akwai wata gona da nake wucewa kullum, dawaki suna tsaye a bayan farin shinge, hucinsu yana tashi a cikin sanyi. Nakan rage gudu a wurin, wani lokaci wata jimla ta zo mini in yi ta maimaita ta har in isa makaranta, don kada ta ɓace.

Ranar da na kawo ta gida, Baba ya zagaya ta, ya dafa saman ya yi addu'a, ya ce Allah ya tsare sharrin ƙarfe. Mama ta ba ni turaren wuta in sa a ciki. Daga nan labari ya bazu cewa ƴar gidan Alhaji ta yi mota, kuma waya ta fara ƙara. Bikin suna a High Point. Wata mai ciki za ta awo. Wani ɗalibi ya sauka a filin jirgin Raleigh da akwati huɗu. Ban ƙi kowa ba, don ba ni da bakin ƙi. Kafin tsakiyar wata mil ɗina ya ƙare. Na biya ƙarin, a wata na biyu ma haka. Wannan bai dame ni sosai ba.

Wata safiyar Talata na sauko da jakata, sai na tarar da Baba a ƙofarsa da rigar sanyi. Motarsa tana gareji tun ranar Lahadi, giyarta ta ƙi shiga. Muka gaisa, ya miƙo hannu.

"Ɗiyata, ba ni makullin nan. In sauke ki makaranta, in wuce da Hajiya Winston-Salem, yau ne za su duba mata idon. Kafin ki tashi na dawo."

Ba roƙo ya yi ba. Yadda uba zai ce a miƙo masa buta, haka ya faɗa. Na tsaya da makulli a hannu. In ya tuƙa wani abu ya faru a hanya, inshora ba za ta san da shi ba, ga Mama a ciki.

"Baba, kamfanin ne. Sun rubuta ni kaɗai zan tuƙa ta."

"Ke kaɗai?"

"Haka takardar ta ce. Amma bari in kira makaranta in ce ba zan zo ba, in kai ku da kaina."

"Ba yau ne kika ce za a zo duba koyarwarki ba?"

"Yau ne."

"To tafi abinki." Ya mayar da hannunsa aljihu. "Ba komai. Ashe motar ba taki ba ce."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya ma raka ni da Allah ya kiyaye hanya. Daga baya na ji wani abokin aikinsa ne ya kai su.

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san dattijo ba ya miƙa hannu sau biyu. Kwanon tuwon da Mama take aiko mini da shi ranar Juma'a bai daina zuwa ba, gaisuwa ma ba ta canza ba. Amma sun daina tambayata komai. Motar Baba ta daɗe a gareji. Wata yamma ina dawowa na hango Mama a bakin Wendover, tana jiran bas da ledoji a hannu biyu, ido ɗaya a rufe da bandeji. Na tsaya, na buɗe mata ƙofa.

"A'a, ƴar nan, je ki. Kada kamfanin su ƙirga miki mil."

"Mama, gida ɗaya za mu."

Ta shiga, amma ta ɗora ledojin a cinyarta har muka isa, ta ƙi a sa su a kujera.

A ƙasar nan ba ni da kowa da ya fi su. Na san in aka ci gaba a haka, za mu zama maƙwabta masu gaisuwa, shi ke nan. A ƙarshen watan na sanar da kamfanin zan mayar da motarsu, na fara bin shagunan sayar da motoci na Wendover ranakun Asabar.

A shago na farko wani mutum mai fara'a ya zaunar da ni, ya kawo mini ruwa, ya yi mini bayanin doguwar haya, wadda suke kira lis. Biyan wata ya fi sauƙi a kan wanda nake yi, motar sabuwa fil, in ta lalace su ne da gyara. Sai dai zan ɗaure kaina shekara uku, mil a ƙayyade yake kamar da, kuma ranar mayarwa za su bi ta da ido, duk ƙwarzane da tabo a kaina. Na tuna yadda yaran da nake ɗauka suke cin cincin a kujerar baya, da naman layya da ake ɗaukowa daga gona a cikin roba. Na tambaye shi ko wani zai iya tuƙawa. Ya ce in yana cikin inshorata, ba laifi, sannan ya tambaye ni mutum nawa nake nufi. Na yi ƙoƙarin ƙirgawa, na kasa, muka yi dariya tare.

Hanya ta biyu ita ce banki ya biya, ni kuma in riƙa biyansa kaɗan-kaɗan har motar ta zama tawa. A nan babu mai ƙirga mini mil. Amma akwai kuɗin ruwa, kuma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Na san mutanen kirki da suka bi ta nan bisa larura, ban ga laifinsu ba. Ni dai ko da na rufe ido a kan wannan, takardar zamana ta karatu za ta ƙare kafin biyan ya ƙare. Ban so in bar bashi a bayana a ƙasar mutane ba.

Saura ta hannu. A gida da mun ce ƴar Kwatano. Ita kam sai dai in kwashe duk abin da na tara, babu mai ba ni tabbacin komai, in ta tsaya a hanya ni da ita ne. Na yi kwanaki ina juya abin. Gaskiya ita ce hayar wata-wata ta fi dacewa da rayuwar da take a rubuce a takarduna: ɗaliba, ita kaɗai, ba ta da tabbacin zama. Ta hannun ce ta dace da gidan da nake ciki.

Na ga tallar wata mota ta hannu a Pleasant Garden. Ban san yadda ake duba mota ba, kuma ko na sani ba zan je ni kaɗai ba. Na sauka ƙasa bayan la'asar, na durƙusa a gefen kujerar Baba.

"Baba, zan sayi mota, ina tsoron a cuce ni. Ko za ka raka ni ka duba mini?"

Ya ɗauke ido daga talabijin.

"Ta kamfani?"

"Ta wata tsohuwa ce. Ta mijinta ce da ya rasu."

"Hajiya," ya ɗaga murya, "ina tocilata?"

Gidan matar yana can ciki, a tsakiyar fili mai faɗi, motar tana ƙarƙashin wata bishiya, ganye ya rufe gilashinta. Ruwan toka ce, ta haura shekara goma, bambar baya ta ɗan loɓa. Baba ya shimfiɗa kwali ya leƙa ƙarƙashinta, ya zaro sandar mai ya murza a yatsa, ya sa aka tayar da ita ya tsaya yana sauraro. Matar ta fito mana da lemo, tana ba ni labarin yadda mijinta yake zuwa kamun kifi da ita. Kujerar baya duk gashin kare. Baba ya gani, ya dube ni, ya ce da Hausa, "Wannan aikinki ne, ba nawa ba." Ya nace sai da muka kai ta wurin bakanike ya sake dubawa. Birki yana son gyara, tayoyin gaba sun suɗe. Ya yi ciniki da Turancinsa mai gauraye da Faransanci har matar ta cire kuɗin gyaran daga farashin, tana dariya, na biya.

Wuni guda na yi ina wanke kujerun. Warin bai fita duka ba sai da turaren Mama ya yi mako a ciki. Tana da ƙara, rediyonta tasha biyu yake kamawa, in na hau babban titi sitiyarin yana ɗan rawa. A wata na farko batir ya mutu a gaban makaranta, wata malama ce ta taimaka mini aka tayar. Na kira masu inshora na sa sunan Baba a cikin masu tuƙi, suka ɗan ƙara mini kuɗi.

Duk da haka bai tambaya ba. Motarsa ta dawo daga gareji, ta sake komawa, ya ci gaba da bin abokin aikinsa. Da na ce masa ga mota duk lokacin da yake so, sai ya ce Allah ya yi albarka, ya canza magana. Na gane in dai sai ya buɗe baki ne, ba za a yi ba.

Matar ta ba ni makulli biyu. Na ɗauki na biyun na kai masa.

"Baba, ka san ni da mantuwa. Jiya ma sai da na juye jaka kafin na ga nawa. Ka ajiye mini wannan a wurinka."

Ya karɓa, ya juya shi a tafin hannu.

"Ajiya ce?"

"Ajiya ce."

Mama tana tsinke zogale a tire, ba ta ɗago ba. "Karɓi mana, Alhaji. Yarinyar da take tsayawa kallon dawaki a kan titi, wata rana a gonar za ta bar shi."

Ya sa shi a aljihun gaba.

Makonni suka wuce ba abin da ya faru. Sai wata Asabar da hantsi na sauko zan je sayen madara, na ga inda nake ajiye motar babu komai sai ɗigon mai. Na yi sauri na ƙwanƙwasa ƙofarsu.

"Babanki ya tafi Charlotte ɗauko baƙi," in ji Mama. "Ya ce kina barci, kada a tashe ki. Me za ki saya?"

"Madara."

"Akwai a firij. Shigo."

Bayan azahar ya dawo da mutum uku da buhun kaya a but. Ya sauke su a gidan da za su, ya zo ya same mu muna cin ɗanwake. Tankin a cike yake. Ya zauna, ya cire hula, ya ce Mama ta zuba masa.

"Ɗiyata, motar nan tana ja hagu in an taka birki. Ranar Litinin in kin dawo kada ki kashe ta, zan kai a duba. Kuma Laraba Hajiya za ta koma wurin likitan ido, sai ki san yadda za ki yi da makarantarki."

Na ce to, zan nemi wadda za ta rage mini hanya.