Tarihin Alhaji Wada Cafman, Farken da Ya Amsa Kira a Arfa

An haifi Alhaji Wada a garin Kura a shekarar 1896. Mahaifinsa Mahmudu farke ne mai safarar turkudi, mahaifiyarsa kuwa Rumasa'u.

Fatauci

Bayan ya sauke Alƙur'ani, ya bi ayari gabas da niyyar Hajji, amma guzuri ya ƙare a Sudan a 1921. Nan ya kama aiki da wani tsohon Bature mai sayen ƙaro, wanda ake wa laƙabi da Mai Lofe. Baturen nan ba shi da abokin hira sai matattun kalmomin ƙasarsu na kiran fatake da 'yan koli, irin su fakman da cafman, waɗanda ya ce ko a Ingila an daina faɗa. Ya laƙaba wa Wada Cafman, ya kuma roƙe shi ya riƙa amsawa, domin a cewarsa suna ba ya mutuwa muddin akwai mai amsa shi. Wada ya yi masa alkawari. Baturen ya rasu a 1934, Wada na cikin waɗanda suka rufe shi.

Aure da zaman Makka

A 1938 ya iso Makka, ya zauna a unguwar Tandabawi yana tallan turare, ya auri Hajara, 'yar mutanen Sakkwato. Bai taɓa gaya wa kowa laƙabin ba, har ita.

Shekarun ƙarshe

Daga 1964, idan rana ta take unguwa ta yi tsit, sai ya ji ana kiran Cafman daga bayan katanga, da warin taba. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ga kuma kunyar alkawari. Da ya gaya wa Hajara ana kiransa, ta ce masa: “Wallahi Alhaji, kada ka amsa. Ba a amsa kiran wanda ba a gani ba.” Shekara uku yana cije baki.

Rasuwa

A Zulhajji 1386, daidai da Maris 1967, ya tafi Arfa aikin naɗe tantuna bayan alhazai sun watse. Da tsakar rana, filin ba kowa, ɗansa Lurwanu ya ga ya miƙe ya fuskanci gabas, ya ce “Na'am”, ya zauna. Bai sake tashi ba.

An yi masa salla a Harami, aka binne shi a maƙabartar Ma'ala. Allah Ya jiƙansa. Ya bar 'ya'ya uku: Khadijatu, da Mukhtaru, da Lurwanu, wanda tun daga ranar ba ya amsa kiran kowa sai ya waiwaya ya ga mai kiran.