Kalmar Baba a Gasar Setapak

Ko tsufa ya sa na manta sunan layin da na zauna a unguwar Setapak, can ƙasar 'yan Malay, ba zan manta da ranar gasar harhaɗa kalmomin Turanci ta kwalejinmu ba.

Lokacin ina shekarar farko, kuma bakina ya mutu a aji. Tun ranar da na yi magana aka kwashe da dariya saboda yadda nake furta Turanci, ban ƙara ɗaga hannu ba. Har na fara tunanin in roƙi gida a mai da ni Kano. Wata ƙawata 'yar Malay ce ta sa sunana a gasar ba da sanina ba. "Boleh lah," ta ce, wato zan iya. "Ba surutu ake yi ba, haruffa kawai za ki jera."

Kamar wasa sai ga ni a zagayen ƙarshe, ni da wani ɗan ajin ƙarshe da ya saba cinyewa. Ya ɗan fi ni maki, ni kuma M da E da D kaɗai suka rage mini, ga wani E a kan allo. Sai Baba ya faɗo mini a rai. Malamin firamare ne, kuma duk ranar da na yi abin kirki sai ya zaro dabino daga aljihu ya ce, "Mamana, ga meed ɗinki." Ni dai na ɗauka kalmar wasa ce ya ƙago. Na yi bismilla na jera.

"Babu wannan kalmar!" in ji abokin karawata.

Alƙaliyar gasar, wata dattijuwa Ba'indiya, ta dube ni ta saman tabarau. "Me take nufi?"

Na miƙe, da wannan Turancin nawa da ake wa dariya, na ce, "Lada. Sakamakon da mutum ya cancanta da aikinsa."

Ta buɗe ƙamus, ta bi da yatsa, sai ta yi murmushi. "Tsohuwar kalma ce, an daɗe da barin ta. Amma ga ta nan, kuma ma'anar ke nan."

Makin kalmar ya sa na zarce shi, na ci gasar. Zauren ya kaure da ihu. 'Yan Najeriya har da hawa kujera. Daga can muka zarce shagon mamak, wato wurin abincin Musulmin Indiyawa, muka sha shayi, na kira Baba ina kuka ina dariya, na gaya masa da na ɗauka shi ya ƙago kalmar. Ya daɗe yana ƙyaƙyatawa kafin ya ce, "Ashe duk shekarun nan, Mamana, kallon mai shirme kike yi mini?"

Tun ranar na daina raina abin da na taho da shi daga gida, domin shi ya tsaya mini a ƙasar da ba ni da kowa.