Sil ɗin da Eberhard Ya Shafa wa Mai

Eberhard Kienzle ya shekara talatin da takwas yana gyaran mota a ƙauyenmu, a garejin da ya gada wurin surukinsa. Ni maƙwabcinsa ne, kuma tun da na bar koyarwa nake shan kofi a kan bencinsa, inda nake taimaka masa da kallo.

Yana da aƙida guda, wadda duk ƙauyen ya haddace. In aka sauke akwatin giya don a canza kuloci, to dole a canza sil ɗin bayan inji, wato zoben da ke hana baƙin mai tsiyayewa, a haɗa da kusoshi da ƙaramin boris. Ko sil ɗin na yoyo ko ba ya yi, bai dame shi ba. Hujjarsa ita ce, wurin ba ya buɗuwa sai an wargaza rabin mota. Abin alfaharinsa kuwa, motar da ya gyara ba ta taɓa dawo masa da ciwon da ya yi mata magani ba.

A bara Irmgard Vöhringer, likitar dabbobi da ta yi ritaya, ta kawo jar motarta mai kujera biyu, irin mai ja da ciki a ƙasa. Kulocin ya cinye.

"Kuloci kawai, Eberhard," in ji ta. "Shekara goma sha tara motar nan ba ta ɗigar da ko ƙwalla ba."

"Likita, na taɓa koya miki yadda ake karɓar haihuwar saniya?"

"Da ka gwada da ka sha hauri."

"To ki bar mini sil."

Ta bar masa. Sabon sil ya zo a kwali tare da 'yar takarda. Eberhard ba ya karanta irin waɗannan takardu, don a ganinsa waɗanda ba su taɓa riƙe sifana ba ne ke rubuta su. Ya tsoma yatsa a mai ya shafe leɓen sil ɗin, kamar yadda surukinsa ya koya masa, ya danna shi, ya mai da komai.

Bayan kwana tara tabon baƙin mai daga motar ya bayyana a daɓen gidan hayar da Likita ke zaune, kuma a makon da sharar gidan, wadda 'yan haya ke yi bi da bi, ta faɗo kanta. Maƙwabta suka riƙa tsayawa kusa da tabon suna gaisawa.

Eberhard ya sake sauke giya. Sabon kulocin ya jiƙe sharkaf. Ya tono kwalin daga shara, ya sa tabarau, ya karanta takardar. Layi uku ne: wannan sil a bushe ake sa shi, kada mai ya taɓa shi, kuma a jira awa huɗu kafin a tada inji.

Da Likita ta zo da yamma ta tambayi abin da ya faru, ina zaune ya dubi takalminsa ya ce, "Kayan zamani ne. Ba su da ƙarko."

"Haka na zata," ta ce. "Ai na faɗa wa kowa ba daga hannunka ba ne. Zan rubuta wa masu yin sil ɗin, su san ba kowa ake yi wa wasa ba."

Kwana uku Eberhard bai yi wa kowa wa'azin sil ba. Matarsa Traudl ta dafa masa taliyar ƙwai da waken lentil, ya ture.

"Tsoho, ko mutuwa aka yi ba a gaya mini ba?"

"Ba na jin yunwa."

"Kai? Ranar jana'izar babana faranti biyu ka ci."

Ranar Asabar da safe ya sa rigar zuwa coci, ya ninke takardar a aljihu, ya roƙe ni in raka shi. Muka tarar da Likita a durƙushe tana goge daɓe da buroshi. Ya miƙa mata takardar. Ta karanta a bayyane, da ƙarfin muryar wadda ta saba magana a cikin garke, har wata mata da ke zaune a saman bene ta buɗe taga.

"Ka shafa masa mai?"

"Na shafa."

"Kuma da ka ce mini kayan zamani, ka riga ka karanta wannan?"

"Na karanta."

Ta mai da masa takardar. "Wasiƙata ta tafi tun jiya, shafi biyu, kuma ban sassauta musu ba. Ta biyun, ta ba su haƙuri, kai za ka rubuta, da hannunka, da sunanka."

Ya rubuta, layi huɗu, na gyara masa waƙafi. Akwai akwatin wasiƙa a bakin garejinsa, amma mai kwashe shi 'yar ƙanwar Traudl ce, kuma ba ya so ta ga wa ya rubuta wa. Sai ya taka kilomita shida zuwa ƙauyen gaba ya jefa ta a can.