Dabinon da ke Bangon Dahab

Na Allah muke, gare shi komawarmu take. Ranar Talata, tara ga Sha'aban, bayan la'asar, aka aiko mini cewa Dahab mai zane, ɗan gwaggona, ya cika. Ni Awad ban yi karatu ba, 'yata ce ke rubuta wannan, kuma na hana ta gyara mini magana.

Dahab, kai da ni ne kaɗai muka rage cikin waɗanda suka san garinmu kafin ruwan madatsa ya shanye shi. Da aka kwaso mu zuwa Kom Ombo, aka zuba mu a gidaje masu kama ɗaya, mahaifiyata ta fita ɗebo ruwa ta kasa gane ƙofarta, ta zauna a ƙasa tana kuka. Kai ka jiƙa shuni ka zana mata kwalekwalen babana a ƙofa. Ba ta sake ɓata ba har ta rasu. Haka ka bi layinmu gida-gida, shayi kawai kake karɓa.

Sai ka zana garin gaba ɗaya a bangon gidanka: kogi, masallaci, turken jakuna. A nan jikokinmu, da ba su taɓa ganinsa ba, suke nuna gidan kakansu da yatsa.

Amma ka zalunce ni. Dogon dabinon nan na garinmu kakana ya dasa shi, kai kuwa a zanen ka tsayar da shi a bayan gidanku. Duk shekarar da ka sabunta fenti sai na zo.

"Matsar da shi, ɓarawon dabino!"

"Ɗan kawu, nutsa ka auno mini iyakar, in matsar."

Mutane su yi ta dariya, ni in tafi ban sha shayinka ba. Har yau ban janye ba.

Na gaji, Dahab. Gwiwa ta ƙi, ido ya dushe. Jiya a wurin zaman makoki na ji ɗanka Shazli yana cewa bayan arba'in zai fasa bangon ya buɗe shago. Na ce masa, "Dabinona fa?" Ya ce, "Wane dabino, Baffa?" Duk duniya kai kaɗai ka san akwai abin da za a yi gardama a kansa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka. Ya ba Hajiya Nabra matarka, da 'ya'ya da jikoki, haƙurin rashinka.

Kai kuma Shazli, ka buɗe shagonka ta gabas. In ka ƙi, za ka tarar da ni zaune a gindin bangon, sai dai ka fara ta kaina. Dabinon nawa ne. Amma kada wanda ya matsar da shi daga inda ubanka ya ajiye shi.