Ranar da Taya Ta Sake Fashewa a Hannuna

Salamu alaikum. Masu tambayar ina Buba mai faci ya shiga, har wani ya rubuto wai ko na yi kuɗi na ƙaura Abuja, to ga ni. Ban yi kuɗi ba, jinya na yi.

A shekarun da bama-bamai ke tashi a Jimeta, akwai wanda ya tashi ina kusa. Ko ƙwarzane ban samu ba. Na taya kwasar mutane, na wanke hannuna, washegari na buɗe rumfata a Jambutu. Kowa ya ce Buba jarumi ne, ni ma na yarda.

Sai da gari ya lafa, shekaru suka shuɗe, sannan abin ya waiwaye ni. Ina ba tayar Keke Napep iska sai ta fashe. A sana'armu wannan ba labari ba ne, amma sai na tsinci kaina ƙarƙashin benci, ƙirjina na dukan uku-uku.

Daga ranar, da na tada injin iska sai gumi ya keto mini. Na rufe rumfa, alhali ita ce abincin gidana.

Mai kemis ya ce taifot, na sha magani. Ya ce olsa, na bar yaji. A asibiti aka ɗebi jini, aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ce zuciya lafiya lau. Ɗan abin da muka ajiye ya tafi a gwaji.

Duk inda aka tambaye ni sai in ce ƙirji ne. Ban taɓa cewa tsoro ba. Tarbiyyar pulaku irin ta Fulani aka yi mana, namiji ba ya buɗe baki ya ce ya tsorata. Ko Dada, mahaifiyata, cewa take, "Munyal, Buba, a daure."

Matata Hajara ce ta tona ni gaban likita. "Likita, ba ƙirji ba ne. Ko murfin tukunya ya faɗi, Baban Amina sai ya zabura."

Kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka tura mu wajen likitar ƙwaƙwalwa, ina tafe ina mita.

Likitar ta ce, "Malam Buba, ba hauka ba ce. A ƙwaƙwalwa akwai ɗan sashe mai aikin gadi. Naka tun ranar bam bai tashi daga aiki ba, ya kasa bambanta taya da bam. Ana iya sake koya masa."

Ta ba ni magani, ta koya mini in ja numfashi ta hanci, in sake shi sannu-sannu kamar ina sace iskar taya. In ji ƙafata a ƙasa. In ina alwala in lura da sanyin ruwan, in daina gudu. Na ce a raina, yau ga ni na biya kuɗin kati a koya mini abin da nake yi tun kafin a raɗa mini suna.

Amma na riƙa yin sa kullum. Da farko zama kawai nake bakin rumfa. Daga baya na tada injin, na kashe. Wasu ranakun na koma gida a guje, washegari na dawo.

Makon jiya tayar babur ta fashe a hannuna. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Na tsaya cak, na saki numfashi, na ce, "Maigadi, taya ce." Mai babur ɗin kuwa har ya tsallake titi! Ni na ƙwala masa kira: "Oga, dawo mana, ba komai!"

Wallahi na yi dariya har da hawaye. Da na ba Dada labari sai ta ce, "Buba, wannan numfashin naka, koya mini. Ni ma tun lokacin ƙarar ƙofa tana razana ni."

Alhamdu lillahi. Likita, Allah Ya saka da alheri. Hajara, na gode da kika kunyata ni.

Jama'a, in gwaji ya ce ƙalau kake amma jiki bai yarda ba, gaya wa likita abin da idonka ya gani. Ka yi addu'a, ka je asibiti, ka tafi da wanda ba zai rufa maka asiri ba.

Rumfa a buɗe take. Ku kawo tayoyinku.