Takardar Mai Tsaron Fitilar Teku

Wata takwas ke nan ina zuwa ajin karatu na manya a unguwar Aziziyya. Jiya matata ta miƙo mini wata tsohuwar takarda daga akwatin mahaifinta, wanda ya rasu bara. Ta ce, "Tunda ka zama malami, karanta mana."

Lokacin da yake raye, Baba, wato surukin nan nawa, ba ya barin magariba ta yi bai goge kowace fitilar gidan nan da tsumma ba. Sau ɗaya na kai shi bakin teku, gaba da garin Yanbu, ya nuna mini hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka ɗora kan tsohon sansanin soja. Ya shafa duwatsun ƙasa da gishiri ya cinye, ya ce, "Waɗannan don yaƙi aka jera su, na saman don ceton rai." Na ce mu hau. Ya ce, "A'a, ɗana, ƙafata."

Na bi takardar da yatsa, harafi bayan harafi. Ashe takardar kora ce. A da, Baba ne mai tsaron fitilar hasumiyar nan. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ba a kunna ta ba, jirgin masunta ya daki dutse, mutum biyu ba su dawo ba. Sau uku na maimaita, ina fatan ni ne na yi kuskure.

Matata ta ce, "To, me aka rubuta?" Na so in ce ban ƙware ba tukuna. Sai na karanta mata duka.

Allah ya gafarta maka, Baba, ya jiƙan masuntan nan biyu, ya sada ku cikin aminci.